Amshin Baba

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen Gezawa, kuma adabi na fi koyarwa, wato waƙa da wasan kwaikwayo. Duk shekara sai na tsaya gaban allo na jera wa yara kalmomin nazari: jigo, salo, zubi da tsari, baiti, ɗango, amsa-amo. Duk shekara kuma shirme iri ɗaya suke yi mini. In na ce mene ne jigo, sai wata ta ɗaga hannu ta ce abin da ake ɗebo ruwa da shi a fadama. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba mai ba ta maki. In na ce waye tauraro a wannan wasa, sai su ɗaga kai suna kallon rufin aji. A da dariya nake yi har da riƙe ciki. Yanzu akwai kalma ɗaya da ba na son zuwa kanta. In na iso wurin sai na rubuta ma'anarta a allo na ce su kwafa, ni kuwa na koma na zauna. Kalmar ita ce amshi.

Ma'anar ba ta da wuya. A waƙar baka akwai jagora, shi ne mai kawo baiti, akwai kuma 'yan amshi, su ne masu karɓa. Abin da suke karɓawa da shi ne amshi, kuma ba ya sauyawa. Jagora ya yi yabo, ya yi zambo, ya yi kukan mutuwar uwarsa, abu ɗaya 'yan amshi za su maimaita masa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Haka na koya a kwaleji, haka nake koyarwa, kuma na daɗe ina zaton wannan ilimi iyakarsa takardar jarrabawa.

Babanmu manomi ne, kuma mai tsokana ne na ƙin ƙarawa. Ranar da na ce masa Hausa zan karanta a kwalejin horar da malamai, sai ya ajiye ƙoƙon furarsa ya dube ni. "Hausa? Wannan dai da muke yi da ke yanzu? To me ya rage miki a cikinta?" In na dawo hutu ina bita a tsakar gida, yana zaure yana kasa kunne. Wata rana ya ji ina maganar ƙafafun waƙa, wato yadda ake auna karin rubutacciyar waƙa, sai ya leƙo. "Ashe waƙa har ƙafa gare ta? To ki ce mata ta tako ta zo ta taya ni noma." Tun daga ranar malamar ƙafafu yake ce mini, ko a gaban surukaina.

Gonarsa tana bayan gari, gefen hanyar da ta nufi titin Kano. A wajenmu babu daji, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta kama, gamba da lalle ne kawai suke nuna iyaka. Ba a barin ƙasa ta huta, taki ake ciyar da ita, kuma Baba ya ciyar da tasa tun yana saurayi, da jaki da mangala, daga baya da amalanke. Gero da dawa da wake a haɗe, gyaɗa a gefe, rogo a ƙurya, ɗorawa a tsakiya. Da birni ya fara miƙo ƙafa ta wajenmu, dillalan fulotai suka fara zuwa a kan babura. Maƙwabtan gona suka dinga sayarwa ɗaya bayan ɗaya, har da Baffa, ƙanen Baba, wanda gonarsa take jikin tamu. Baba kuwa magana ɗaya gare shi, kuma a gaban kowa ya faɗe ta, har a gaban mai unguwa. "Ina numfashi ba za a dasa bulo a inda nake dasa rogo ba. In na mutu ku yi abin da kuka ga dama, lokacin ba na gani."

A zamanin samartakarsa ana yin gayya. Na riski ƙarshenta ina yarinya, mu ne masu kai kunu gona. Samari su jeru da garemani suna tayar da kunyar shuka, makaɗi yana biye da su da ganga yana jefa baiti, su kuwa suna karɓa da murya ɗaya duk saukar garma: "A yi a gama!" Makaɗi ya ce rana ta take, kunya da saura, su ce a yi a gama. Ya ce wane raggo ne, matarsa ta fi shi noma, su ce a yi a gama. Gayya ta mutu tuntuni, yanzu sai ƙwadago da maganin feshi, amma amshin bai bar bakin Baba ba. Yana wasa fartanya yana yinsa, yana ɗaure tumaki yana yinsa, har Inna takan ce ya ishe ta.

A farkon wata damina, gero ya fara tsayawa, Baba ya faɗi a gona da hantsi. Masu wucewa ne suka tsince shi. Hawan jini ne, wanda bai taɓa yarda yana da shi ba. Yaya, babban wanmu, wanda yake zaune a Rijiyar Zaki yana tuƙa adaidaita, shi ya kai shi asibiti a birni, shi ya yi jinya, shi ya dawo da shi gida. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Baki ya karkace, kai yana rawa ba ya tsayawa, magana kuma ta ɗauke ƙaf. Mutumin da ba a wucewa ta ƙofar gidansa bai tsokani mutum ba, sai ga shi jingine a zaure, ido kawai. Hankalinsa yana nan, wannan na tabbata. In aka yi maganar farashin taki idonsa yana bin mai magana, in Baffa ya shararo ƙarya sai ya lumshe ido.

Gidan aurena ba nisa, don haka kullum in na taso daga makaranta sai na biya. Wata la'asar ina wanke masa hannun da ya mutu da ruwan ɗumi, shirun ya dame ni, sai na ji bakina yana rera wannan tsohuwar waƙa ba tare da na yi niyya ba. Na ce rana ta take, kunya da saura. Sai na ji daga sama, da wata murya mai nauyi amma kalmomin tar: "A yi a gama."

Kwanon ruwan ya suɓuce mini. Na ƙwala wa Inna kira ta fito da gudu da muciya a hannu. Na sake rerawa, ya sake karɓa. Inna ta durƙusa tana hamdala tana kuka, maƙwabta suka cika zaure, aka buga wa Yaya waya ya ji da kunnensa. Ranar mun ce magana ta dawo, saura ta ƙarasa fitowa.

Ba ta ƙarasa ba. Da aka mai da shi asibiti likitan ya ce hakan yana faruwa, wani lokaci ciwon yakan share magana ya bar abin da mutum ya saba rerawa, sauran kuma mai yiwuwa ta dawo, mai yiwuwa ba za ta dawo ba. Ta Baba ba ta dawo ba. Amshin nan kaɗai ya rage masa, har ya daina jiran a ba shi baiti. Baba ina kwana, a yi a gama. Baba ga tuwo, a yi a gama. Baba an yi wa wance haihuwa, a yi a gama. Da farko masu zuwa gaisuwa sukan yi murmushi, daga baya suka saba, suka ɗauke shi a matsayin lafiya lau. Inna ce ba ta saba ba. Ita a kunnenta mutuwa yake roƙo, don haka duk lokacin da ya faɗa sai ta shige madafa ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Ni kuwa na koyi jin abin da ke ƙarƙashin kalmomin. In ya ja su a hankali, godiya yake yi. In ya sare su da sauri, ya gaji, a tafi a ba shi wuri. In ya ɗaga ƙarshen, tambaya ce. Akwai ma wanda yake yi da gefen baki in na shigo da jakar makaranta, wannan na san malamar ƙafafu yake ce mini. Na tsani kalmomin nan, ina kuma ƙosawa in je in ji su.

Ba zan zalunci Yaya ba. Shi yake ɗauke da gidanmu a ka, ga nasa iyalin, ga magani, ga gashin ƙashi, ga masu ƙwadagon da suke noma gonar rabi da rabi su tafi. Ya rame har wuyansa ya fito. Baffa ne ya fara raɗa masa maganar. Mutumin da ya sayi gonar Baffa yana son tamu, don ta cikinta hanya za ta bi zuwa fulotansa, kuma Baffa ya riga ya zama ɗan rakiyar dillalai tun da ya sayar da tasa. Da Yaya ya kawo mini zancen na ce ai ka san abin da Baba ya faɗa. Ya ce ya sani, amma ciwo yana sauya mutum, kuma ba za a yi komai ba sai an tambaye shi a gaban mai unguwa. Ban kawo komai a raina ba, na ce to a tambaye shi da me, da wane bakin? Ban zaci da gaske suke ba.

Wata Asabar bayan la'asar na je na tarar da takalma a ƙofar zaure. Na zagaya ta ƙofar baya na shiga, Inna ta ce mini su ne. Na laɓe a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida. Ga mai unguwa, ga Baffa, ga Yaya, ga dillali da wasu dattawa. An sa wa Baba riga mai kyau da hula, an jingine shi da matashi.

Baffa ya matsa kusa da shi ya ɗaga murya, kamar yadda mutane suke yi masa tun da ya kwanta, sai ka ce kunnen ne ya mutu. "Malam, ga mai unguwa ga jama'a. Maganar gonar nan ce. Yara sun ga ya kamata a sayar a kula da kai yadda ya dace. Ka yarda a sayar?"

Na ga jijiyoyin wuyan Baba sun tashi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, yana kokawa da harshensa yana neman wata kalma dabam. Abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa. "A yi a gama."

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Kun dai ji da kunnenku."

Mai unguwa ya gyaɗa kai ya fara gyara zama. Ban san lokacin da na faɗa zauren ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Wannan ba amsa ba ce, amshi ne."

"Ke, koma ciki," in ji Yaya.

"Ba zan koma ba, Yaya. Amshin waƙar gayya ne, duk wanda ya yi noma a garin nan ya san shi. Kome jagora ya ce, abu ɗaya ake karɓa masa da shi. Ba yarda ba ce, ba ƙi ba ne."

Baffa ya yi 'yar dariya. "Malama, nan ba aji ba ne. Mu dai Hausa muka ji. An ce a sayar, ya ce a yi a gama. Ko akwai wata Hausar da aka koya miki a birni wadda mu ba mu sani ba?"

Raina ya ɓaci. Na juya na fuskanci Baba. "Baba, gonar nan a bar maka ita, kada a sayar ko?"

Ya dube ni, idonsa ya yi haske. "A yi a gama."

"To kun ji," na ce. Amma na ga fuskar Baffa ba ta sauya ba, don haka na ci gaba. "Baba, yau sallah ce?"

"A yi a gama."

"Baba, ni namiji ce?"

"A yi a gama."

"Baba, Baffa ne ya haife ka?"

Ya amsa, don ni ce nake tambaya, kuma bai taɓa ƙin amsa mini ba. Dillalin ya fashe da dariya ya toshe baki da hula. Wani dattijo ya ce subhanallahi. Mai unguwa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ni ba zan shaidi wannan ba. Malam ba ya cikin halin da za a ce ya yi magana." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, Yaya bai ko kalle ni ba. Na koma gida ranar ina jin na ceto gonar ubana, har na ba maigidana labari ina kwaikwayon muryar Baffa.

Washegari na je na durƙusa na ce Baba ina wuni. Shiru. Na sake gaishe shi, ya mai da idonsa kan bango. Na zaci barci yake ji. Jibi ma haka, gata ma haka. Aka kawo tuwo ya ci bai ce komai ba. Liman ya zo dubiya ya gaishe shi, ya ɗaga masa hannun hagu kawai.

Inna ce ta faɗa mini, tana tsince wake ba ta ɗago ba. "Kin nuna wa duniya cewa maganarsa ba magana ba ce. Shi ma ai yana wurin, ya ji."

"Inna, da na yi shiru da yanzu an kafa turaku a gonar."

"Na sani," ta ce. "Amma da ita yake gaisawa da mutane."

Har yau ban ga wata hanyar da zan bi ba, kuma da za a mai da ni wannan zauren abin da na yi zan sake yi. Wannan bai rage mini komai daga baƙin cikin ba. Mutane suka rage tsayawa a ƙofarmu, don gaisuwar da ba a amsawa ba ta da daɗin yi. Masu shigowa suka koma tambayar Inna yaya jikinsa, yana zaune a wurin, kamar buhun da aka jingine. Ni nakan zauna kusa da shi na ba shi labarin makaranta, na gaya masa shirmen da yara suka rubuta mini a jarrabawa. Wani lokaci gefen bakinsa yakan motsa, sai ya matse shi.

Aka yi girbi, aka kawo ɗan abin da gonar ta bayar, wanda bai kai rabin na shekarun baya ba. Bayan kaka Yaya ya zo har gidana. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin tabarma ya ce ya kai maƙura, za a sake zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. "Ki zo ki tsaya a wurin," ya ce, "kada ki ce an yi a bayanki."

Na je. Mutanen nan ne dai, an kuma sake sa wa Baba rigar nan mai kyau. Wannan karon ba wanda ya ce na koma ciki, har wuri aka matsa mini. Baffa ya yi gyaran murya, na lura ya shirya tambayarsa tun daga gida.

"Malam, wancan karon an ce abin da ka faɗa ba amsa ba ce, mun yarda. To yanzu ba za mu ce ka yarda ko ba ka yarda ba. Ga ɗanka babba, ga ni ƙanenka, ga lalura kowa yana gani. Za a sayar da gona. In kana da ja, ka yi magana."

Baba ya dubi Baffa, ya dubi Yaya, sannan ya dube ni. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na gane abin da ya gane: in ya buɗe baki kalmomin nan ne za su fito, kuma kowa zai ji su a matsayin a sayar. In ya rufe, an ce bai ja ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai unguwa, "a gabanka ya ce yana numfashi ba za a sayar ba."

"Ya faɗa, Malama. Lokacin yana riƙe garma da kansa," in ji mai unguwa.

"To a ba shi hannu. In bai yarda ba ya matsa," na ce.

"Hannun wa? Naki, da ke kaɗai za ki ji?" in ji Baffa.

Mai unguwa ya ce a bari shi ya gwada. Ya matsa ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya damƙe shi da hagunsa tun kafin a yi tambayar, ya riƙe gam. Aka ce a sayar, yana riƙe. Aka ce a bari, yana riƙe. Da ƙyar mai unguwa ya zare hannunsa. Ya yi ajiyar zuciya, ya dube ni da fuskar wanda ya gaji, ba da mugunta ba.

"Wannan riƙo ne kawai, ba e ba ne, ba a'a ba ne. Malama, wancan karon ya yi magana kin ce ba magana ba ce, na tashi. Yanzu an tambaye shi ya yi shiru. Me kike so na ce wa mutanen nan?"

Duk kalmomin da nake jera wa yara a allo, babu ɗaya da ta zo mini. Yaya ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rigarsa.

Baffa ya sake tambaya, aka sake jira. Baba bai ce komai ba, hawaye kawai yake bin gefen fuskarsa yana shiga gemunsa.

"To jama'a ku shaida," in ji Baffa a hankali. "An tambaye shi, bai hana ba."

Aka shafa fatiha, aka yi musabaha, kowa ya nemi takalminsa. Da suka watse na ɗebo ruwa a kwano na zo goge masa fuska. A nan na ga jini a haɓarsa, ya gangara har wuyan rigar. Leɓensa na ƙasa ya cije, tun daga tambayar farko har aka tashi, don kada kalmomin su fito. Na ce Baba saki, sun tafi. Bai saki ba.